Barbe-Nicole Clicquot: gwauruwar da ta koya wa Faransa tace shamfen

Duk wanda ya taɓa yin Babbar Sallah a nan Gadarif ya san sharbot. Kwana ɗaya ko biyu kafin layya mata kan dafa dabino, su zuba citta da kirfa da sauran kayan ƙamshi, su tace, su ɗura a jarka su rufe. Ranar Sallah, bayan an ci nama an ƙoshi, sai a fito da shi da sanyinsa. Yana da zaƙi da ɗan tsami da 'yar kumfa mai cizon harshe, kuma mutane sun yarda cewa yana taimaka wa ciki ya narkar da maiƙo. Uwargida mai lura ba ta barinsa ya daɗe, domin in ya kwana da yawa jarkar kan kumbura, ɗanɗanon ya sauya, abin ya tashi daga halal ya koma kayan maye. Shi ya sa kusan kowace shekara sai an yi muhawara a Sudan kan inda iyakar take.

Abin da ke kumbura jarkar nan wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, dangin yis ɗin burodi. Suna cin sukarin da ke cikin dabino, su fitar da iska da sinadarin maye. A arewa maso gabashin Faransa akwai yankin da ya gina arzikinsa a kan kulle wannan iska a cikin kwalba. Sunan yankin Champagne, abin da ake yi a can kuma shi ne shamfen, giyar inabi mai kumfa da masu karatunmu na Yamai da Njamena da Yawunde da Legas suka saba gani a talabijin ana fesawa in an ci tseren mota, ko a teburin manya. Giya ce, haramun ce ga Musulmi, kuma galibinmu ba mu taɓa ɗanɗana ta ba. Amma a kan ɗaya daga cikin kwalaben da suka fi tsada akwai kalmar Veuve, wadda a Faransanci ke nufin gwauruwa, matar da mijinta ya rasu. Matar ta yi rayuwa da gaske, kuma labarin yadda ta tallafi kasuwancin da ke shirin durƙushewa ya fi abin da ke cikin kwalbar amfani a gare mu.

'Yar masu ulu

An haifi Barbe-Nicole Ponsardin ranar 16 ga Disamba 1777 a Reims, birnin da ke da nisan kimanin kilomita 140 daga Paris, inda a babbar majami'arsa ake naɗa sarakunan Faransa. A wancan zamani masana'antar saƙar ulu ce ke riƙe da garin, inabi yana biye. Mahaifinta Nicolas Ponsardin attajiri ne mai masaƙa, kuma mutum ne da ya iya zama da kowace gwamnati. Ya yi hulɗa da masu sarauta, juyin juya halin 1789 ya zo ya bi sahun masu juyin, Napoleon ya hau mulki ya ba shi muƙamin baron, kuma ya riƙe kujerar magajin garin Reims daga 1810 har rasuwarsa a 1820. Yarinyar tana da shekara 11 lokacin da juyin ya ɓarke. Ta ga yadda aka ƙwace dukiyar majami'u, ta ga an kashe sarki, ta kuma ga gidansu ya fita daga wannan guguwa ba tare da ya yi asara ba.

A watan Yunin 1798 aka aurar da ita ga François Clicquot, ɗan Philippe Clicquot, wani mai sana'ar ulu kuma mai harkar banki. Auren haɗa dukiya ne tsakanin gidaje biyu masu sana'a ɗaya. Philippe yana da gonakin inabi, kuma tun 1772 ya buɗe ɗan ƙaramin kamfanin sayar da giya a gefe, amma bai ɗauke shi da muhimmanci kamar ulu ba. Ɗansa ne ya ƙwallafa rai a kansa. François ya riƙa zagaya gonaki da wuraren matsa inabi tare da amaryarsa, kuma a nan ta fara koyon aikin da ido. A 1799 suka haifi 'yarsu guda, Clémentine. François ya kuma ɗauki wani Bajamushe mai suna Louis Bohne a matsayin wakilin kamfanin mai yawon neman kasuwa a ƙasashen Turai, har Rasha. Wannan mutum zai zama ƙafar Barbe-Nicole a duk inda ba za ta iya zuwa ba.

Ya kamata mai karatu ya san irin hajar da suke sayarwa, domin ta sha bamban da ta yau. Champagne yanki ne mai sanyi. In an matse inabi a kaka aka zuba a ganga, yis kan fara aiki, sai hunturu ya zo ya tsayar da shi tun sukari bai ƙare ba. In aka ɗura a kwalba aka toshe, da bazara ta kawo ɗumi sai yis ya farka ya ci gaba, iskar kuma ba ta da hanyar fita. Daga nan kumfa ta samo asali. Da farko masu gonaki sun ɗauke ta a matsayin aibi. Ko malamin nan na gidan ibadar Hautvillers, Dom Pérignon, wanda ya rasu a 1715 kuma ake yawan cewa shi ya ƙirƙiro shamfen, ƙwarewarsa ta fi ƙarfi a wajen haɗa inabin gonaki daban-daban da tace ruwansa. Masu kuɗin Landan da fadawan Paris ne suka so kumfar, kasuwa kuma ta bi su.

Sai dai babu wanda ya san ainihin abin da ke faruwa a cikin kwalbar. Binciken Louis Pasteur a kan yis bai zo ba sai a shekarun 1850 da 1860. Ana zuba sukari da ka, in ya yi kaɗan babu kumfa, in ya yi yawa kwalabe su yi ta fashewa ɗaya bayan ɗaya, wata shekara a rasa fiye da rabin abin da aka ajiye. Ma'aikata kan sa abin rufe fuska na ƙarfe kafin su shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Matsala ta biyu kuma ita ce guggubi. Yis in ya gama aikinsa yakan mutu ya kwanta a jikin kwalba, da an motsa ta sai ruwan ya gurɓace kamar ruwan kududdufi. Hanyar da aka sani ita ce juye giyar daga wannan kwalba zuwa waccan a bar lakar a baya, amma da kowace juyewa kumfa na tserewa, ga ɓarna, ga ɓata lokaci.

Takaba da jari

A watan Oktoban 1805 François ya kamu da zazzaɓi mai zafi, wanda ake kyautata zaton taifot ne, ya rasu ranar 23 ga watan. Barbe-Nicole tana da shekara 27, 'yarta tana da 6. Surukinta, wanda ya tsufa kuma ya rasa ɗansa tilo, ya yi niyyar rufe kamfanin. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun riga sun lalata hanyoyin ciniki, kuma babu wanda zai zarge shi da ya yi hakan.

Dokar Faransa ta lokacin tana da wani abin mamaki. Kundin dokokin Napoleon na 1804 ya sa matar aure a ƙarƙashin mijinta a kusan komai: ba ta sa hannu a yarjejeniya, ba ta shiga kotu, ba ta juya dukiya sai da izininsa. Amma gwauruwa tana da cikakken iko da kanta da kayanta. Wato mutuwar miji ce kaɗai ƙofar da mace ke bi ta zama shugabar kamfani. Bahaushe zai ji wannan bambaraƙwai, domin a wajenmu matar aure tana da sana'arta da adashinta da awakinta, miji ba shi da hurumin taɓawa. A Faransa sai a 1965 doka ta yarda matar aure ta buɗe asusun banki ko ta kama aiki ba tare da amincewar miji ba. Wannan ne ya sa tarihin shamfen ya cika da gwauraye, kuma wannan ne, a ganina, babban dalilin da ya sa Barbe-Nicole ba ta sake aure ba har ta mutu, shekara 60 bayan mijinta.

Ta roƙi surukinta ya bar mata kamfanin. Ya yarda, ya zuba kuɗi, amma da sharaɗin ta yi aiki tare da wani gogaggen ɗan kasuwa, Alexandre Fourneaux, na tsawon shekara huɗu. Shekarun sun zo da wahala. Ingila ta tsare teku, Napoleon kuma ya rufe tashoshin Turai ga jiragen Ingila. Dubban kwalaben kamfanin suka maƙale a Amsterdam har da yawa suka lalace. A 1810 Fourneaux ya janye. Philippe ya sake ba ta jari, ta ci gaba ita kaɗai da sunan Veuve Clicquot Ponsardin.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin masu tallan kamfanin sukan ba da labarin kamar na matar da ta tashi daga babu. 'Yar magajin gari ce, surukar mai banki, kuma sau biyu aka ba ta jari bayan ta yi asara. Ina tuna wannan duk lokacin da na wuce ta gaban mata masu shayi da masu kisra a kasuwar Gadarif, waɗanda yawansu ya ƙaru tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwararo daga Khartum da Wad Madani. Da yawansu mazansu sun mutu ko sun ɓata. Wajen lissafi da juriya ba su gaza ta ba. Abin da ba su da shi shi ne wanda zai ba su jari karo na biyu in na farko ya nutse.

Jirgin 1814

Shekarar 1811 ta zo da damina mai kyau ga inabi, kuma a wannan shekara aka yi watanni ana ganin wata tauraruwa mai wutsiya a sararin samaniya. Manoma suka danganta albarkar da ita, giyar shekarar ta shahara da sunan giyar tauraruwa. Barbe-Nicole ta ɗura ta a kwalabe ta ajiye, amma babu inda za ta kai. Babbar kasuwar da Bohne ya gina ita ce Rasha, sai ga shi a 1812 Napoleon ya kai wa Rasha hari, ƙofar ta rufe. A farkon 1814 yaƙin ya juyo, sojojin Rasha da na Prusiya suka shigo har Reims. Ana cewa ta sa an gine ƙofar ɗakin da giyar 1811 take don kada sojoji su wawashe.

A watan Afrilun 1814 Napoleon ya sauka daga mulki. Kowane ɗan kasuwa a Champagne ya san za a buɗe hanyar Rasha, kuma duk wanda ya riga isa shi zai kama kasuwar. Sauran sun tsaya jiran a sanar da ɗage takunkumi a hukumance. Ita kuwa a asirce ta yi hayar jirgin ruwa, ta loda kwalba 10,550, ta sa Bohne ya raka su zuwa Königsberg, tashar Prusiya da ke bakin tekun Baltik, wadda yau ake kira Kaliningrad. Kasada ce babba. Rani ya shigo, zafi kan fasa kwalabe, kuma in aka kama kayan ko suka lalace kamfanin ya ƙare. Sai aka yi sa'a suka isa lafiya. Da hanyar Saint Petersburg ta buɗe, kayanta na bakin ƙofa, na abokan gasarta kuma suna da tafiyar makonni. Aka yi rububin saye da tsada, ta kuma aika jirgi na biyu a shekarar. Daga nan sunan Clicquot ya zauna a bakin masu kuɗin Rasha har ya shiga rubuce-rubucen marubutansu na ƙarni na 19, kuma Rasha ta zama babbar kasuwar kamfanin na tsawon shekaru da yawa.

Teburi mai huji

Nasara ta zo da tata matsalar. Oda ta yi yawa, tsohuwar hanyar juye kwalba kuma ba za ta iya biya ba. Wajen 1816, tare da shugaban ma'aikatan ɗakunan ajiyarta Antoine de Müller, ta fito da dabarar da ta sa sunanta ya shiga tarihin sana'ar. Aka ɗauki teburi aka huda masa ramuka a karkace, aka soka wuyan kowace kwalba a ciki, kai ƙasa gindi sama. Kowace rana ma'aikaci zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan girgiza, ya murɗa kaɗan, ya ƙara miƙar da ita. Cikin 'yan makonni guggubin ya sauko gaba ɗaya ya taru a kan toshiyar. Sai a buɗe da sauri, ƙarfin iskar da ke ciki ya harbo lakar waje, a cike giɓin, a sake toshewa. Ruwan ya fita garau, kumfa kuma tana nan. Faransawa na kiran murɗawar remuage, fitar da lakar kuma dégorgement.

Duk macen da ta taɓa kwantar da gasara ko ta jiƙa hilu-mur lokacin azumi ta bar shi ya kwanta kafin ta tsiyaye ta san tushen dabarar. Sabon abu a nan shi ne yin hakan a cikin kwalbar da ke rufe, da kuma mayar da shi aikin da mutum ɗaya zai yi wa dubban kwalabe a yini. Ma'aikatanta sun riƙe asirin na kimanin shekara goma kafin ya isa ga sauran kamfanoni, ciki har da na babban abokin gasarta Jean-Rémy Moët na garin Épernay. Daga baya aka mayar da teburin katako biyu masu jingine da juna kamar tsani, kuma ƙwararren mai murɗawa kan taɓa kwalba kusan 40,000 a rana.

Sauran gyare-gyaren wasu ne suka kawo. A 1836 wani mai haɗa magani a garin Châlons, Jean-Baptiste François, ya gano yadda za a auna sukarin da ya dace, fashewar kwalabe ta ragu ƙwarai. A 1844 Adolphe Jacquesson ya yi rajistar wayar da ke ɗaure toshiya. A 1884 aka fara daskarar da wuyan kwalba, yadda guggubin zai fita a dunƙule cikin ƙanƙara.

Idan aka haɗa su duka, ga yadda ake yin shamfen mai daraja a yau. Nau'in inabi uku ne suka mamaye gonakin yankin, masu faɗin kimanin hekta 34,000: Chardonnay, wanda fari ne, da Pinot noir da Meunier, waɗanda baƙaƙe ne amma ruwansu fari. Doka ta wajabta a tsinke da hannu, a kuma matse a hankali don kada ɓawon ya rina ruwan. Daga kilo 4,000 na inabi lita 2,550 kawai aka yarda a ɗiba. Ruwan kan yi tsimuwar farko a tanki ko ganga ya zama giya marar kumfa mai tsami sosai. Sannan a zo aikin da ya fi buƙatar gwaninta, wato haɗa giyar gonaki daban-daban, sau da yawa har da ta shekarun baya, don ɗanɗanon kamfani ya zama ɗaya kowace shekara. In shekara ta yi kyau ƙwarai akan yi ta ita kaɗai a rubuta shekarar a kwalba, kuma kamfanin Clicquot na cewa shi ya fara yin hakan a yankin da giyar 1810.

Bayan haɗawa sai a ƙara yis da sukari, kimanin giram 24 a kowace lita, a ɗura a kwalba mai kauri a toshe. A nan tsimuwa ta biyu ke faruwa, matsin iskar ya kai fiye da ninki biyu na tayar mota. Ana kwantar da kwalaben a ramukan da aka haƙa cikin dutsen alli, inda sanyi ke tsayawa wajen digiri 10 zuwa 12 rani da damina. Doka ta ce aƙalla wata 15 kafin a sayar, shekara 3 ga mai ɗauke da shekara, manyan kamfanoni kuma sukan wuce haka nesa. Zaman da giyar ke yi a kan mataccen yis shi ke ba ta ƙamshi irin na gasasshen burodi da masana ke yabawa, kuma shi ne babban dalilin tsadarta: kuɗi ne a kwance shekara da shekaru. Murɗawar kuwa yanzu galibi inji ke yi, keji guda ya ɗauki kwalba 504 ya gama cikin kamar mako ɗaya abin da hannu ke yi a wata ɗaya da rabi. Yankin na sayar da kusan kwalba miliyan 300 a shekara, kuma a dokar Turai babu wanda zai kira giyarsa da wannan suna in ba daga can ta fito ba.

Sukari da abin da ake ci da shi

Mataki na ƙarshe kafin toshiya shi ne ƙara ɗan ruwan sukari, kuma a nan ne aka fi ganin yadda zamani ya sauya. Shamfen ɗin Barbe-Nicole zaƙi ne da shi kamar sirop. Muna da shaida a kan haka. A 2010 masu ninƙaya suka gano wani tsohon jirgi da ya nutse kusa da tsibiran Åland, tsakanin Finland da Sweden, ɗauke da kwalba 168, 47 daga ciki na Veuve Clicquot ne, waɗanda aka yi wajen 1840, tana raye. Masu bincike na jami'ar Reims suka auna su, suka wallafa sakamakon a 2015: sukarin ya haura giram 140 a lita. Coca-Cola tana da kimanin 106. Wanda ake aikawa Rasha ma ya fi haka zaƙi, wani lokaci ya kusa ninki biyu.

Abu mai irin wannan zaƙi ba ya tafiya da miya ko nama. Shi ya sa a zamaninta ƙarshen cin abinci ake kawo shi, da sanyi ƙarara, tare da kek da 'ya'yan itace. Ingilawa ne suka fara neman marar zaƙi, wata gwauruwar Reims ɗin kuma, Louise Pommery, ta amsa musu da giyar 1874, wadda ta buɗe hanyar abin da ake kira brut. Yau brut ne ya mamaye kasuwa, sukarinsa bai kai giram 12 a lita ba. Akwai demi-sec mai giram 32 zuwa 50, da doux mai sama da 50, amma kaɗan ake yi.

Da zaƙi ya ragu sai kwalbar ta tashi daga ƙarshen tebur ta koma farkonsa. Ƙa'idar da masu dafa abincin Faransa ke bi mai sauƙi ce, kuma ba baƙuwa ba ce a gare mu: tsami da kumfa suna wanke maiƙo da gishiri daga harshe, loma ta gaba ta zo kamar ta farko. Shi ya sa suke haɗa brut da soyayyen abu, da kifi, da jatan lande da sauran abincin teku, da cuku mai maiƙo. Wanda aka yi da farin inabi zalla, mai sauƙi, yakan tafi da kifi. Wanda baƙin inabi ya fi yawa a ciki, ko wanda ya daɗe a ajiye, yakan iya da kaza da naman maraƙi. Mai launin hoda, wanda kamfanin ke cewa Barbe-Nicole ce ta fara yinsa a 1818 ta hanyar zuba jar giyar ƙauyen Bouzy a cikin fara, ana ba shi agwagwa ko naman rago. Kayan zaƙi kuwa sai demi-sec, domin in abin ci ya fi abin sha zaƙi, abin shan kan koma ɗaci a baki. Wanda ya matsa lemon tsami a kan soyayyen kifi, ko ya sha kunun tsamiya da ƙosai, ko ya kora naman layya da sharbot, wannan lissafin yake yi ba tare da ya buɗe littafi ba.

Banki, da magaji daga waje

Ba duk abin da ta taɓa ne ya zama alheri ba. Bohne ya rasu a 1821. A 1822 ta buɗe banki a Reims, ta kuma koma zuba kuɗi a masaƙar ulu, bisa shawarar wani ma'aikacinta Bajamushe, Georg Christian Kessler, wanda ya bar ta a 1826 ya je Esslingen ya kafa kamfaninsa na giya mai kumfa. A ƙarshen shekarun 1820 harkar kuɗi ta rikice a Faransa, masu ajiya suka taso neman kuɗinsu, kamfanin ya kai bakin rami. Wanda ya cece shi wani matashin Bajamushe ne, Édouard Werlé, da ya shigo a matsayin ɗan koyo a 1821. Ya jingina dukiyarsa ya biya masu bin bashi. Ta rufe bankin, ta mayar da shi abokin tarayya a 1831, kuma daga 1841 shi ke tafiyar da harkokin yau da kullum, ko da yake ba ta daina duba littattafan lissafi da wasiƙu ba.

Wani abin lura shi ne, matar da ta nuna mace za ta iya, ba ta koya wa 'yarta sana'ar ba. Ta aurar da Clémentine a 1817 ga wani mai sarauta, Louis de Chevigné, mutum mai daɗin baki da son kashe kuɗi, ta kuma yi ta biya masa buƙatunsa. Jikarta ma gidan sarauta ta shiga. Daga 1843 ta gina katafaren gida a Boursault, a kan tudu mai kallon kogin Marne, ta koma can da zama. A wani zane da Léon Cogniet ya yi mata a tsufanta an nuna ta gajeriya mai jiki, zaune a kujera da littafi a cinya, 'yar tattaɓa-kunnenta Anne tana kusa da ƙafafunta.

Ta rasu a Boursault ranar 29 ga Yuli 1866 tana da shekara 88, lokacin da kamfanin ke sayar da kimanin kwalba 750,000 a shekara. Gidaje da filaye suka tafi ga zuriyarta, kamfanin kuma ga Werlé, wanda a lokacin shi ne magajin garin Reims. Takardar nan mai ruwan ɗorawa da aka san kwalbar da ita an yi mata rajista ne a 1877, bayan mutuwarta. Tun 1972 kamfanin ke ba da kyauta da sunanta ga mata 'yan kasuwa, kuma tun 1987 yana cikin rukunin LVMH. Anne kuwa ta girma ta zama matar basaraken Uzès, kuma a 1898 ita ce mace ta farko a Faransa da ta samu lasisin tuƙin mota, ba a jima ba kuma ta zama ta farko da aka ci tara saboda gudu.